Jar Ambulan a Gefen Hoton Baba

Manchester, makon Bikin Wata

Zuwa ga ƙanena Wing-lok,

Sai-lo, ƙanena, ina gaishe ka gaisuwar wadda ta goya ka a baya, da fatan kana lafiya kuma ciwon kafaɗar nan ya lafa. Ni lafiya ƙalau nake, in ban da sanyi da ya fara leƙowa da aikin asibiti da ba ya ƙarewa. Ka gaishe mini da Baba, ka ɗaga murya a kunnensa na dama, ka san na hagun ya daɗe da ajiye aiki.

Fim ɗinku ya iso mana. Ranar Lahadi da rana aka nuna shi a ƙaramar silimar unguwar mutanenmu, "Abin da Ruwa Bai Wanke Ba". Ba zan ɓoye maka ba, na je ne don in samo abin tsokanarka, tunda duk finafinan da ka haɗa wa ɗakuna a baya ihu ne da harbi da motoci masu tashi sama. Sai ga shi na fito bakina a ɗinke.

Wa ya koya wa daraktanku haƙuri haka? Fim ya buɗe ba kiɗa ba magana, sai ruwan sama yana dukan rumfunan kwano a bayan kasuwar 'ya'yan itace. Ga ɗan sandan nan Mak a tsaye yana cin taliya, rabin fuskarsa a koren hasken shagon jingina, ɗaya rabin cikin baƙin duhu, kuma har fim ya kusa ƙarewa ba ku bari mun ga fuskar nan gaba ɗaya ba. Ƙasa a jiƙe, fitilun shaguna duk sun kife a cikin ruwa, mutane suna taka su suna wucewa. Na lura kun kore ja daga fim ɗin. Ko tasi, da kowa ya san ja ce, kun dusashe ta. Shi ya sa da jini ya zuba sau ɗayan nan, duk silima ta yi tsit.

Ga kuma Kawu Tara, uban 'yan daban. Mutumin da ke ɓare lemo a hankali, ɓawon bai tsinke ba, yana tambayar lafiyar mahaifiyarka, alhali ya riga ya aika a kashe ka. Bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba, amma sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Mak yana yawo gida gida yana neman wanda ya sayar da abokin aikinsa, kowa ya zuba masa shayi da hannu biyu, ya yi masa ƙarya cikin ladabi. Harshen kuma namu ne na titi, da zaginsa da ba'arsa. Wani tsohon kuku a kusa da ni ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce, "Kai, rabona da in ji an zagi mutum da kyau haka tun ina Kowloon!"

To, yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna lokacin da Baba ke juya injin majigi a silima, yana ɗora ni kan kujera a bakin 'yar tagar nan? Kullum cewa yake, "Suk-yin, tsakiyar allo na 'yan kallo ne. Ke ki dubi kusurwa, can mai fim ke ajiye gaskiyarsa." Har yau haka nake kallo, ba na iya dainawa.

Akwai inda Mak ya koma gidan mahaifinsa da ya rasu. Sai-lo, gidanmu ne. Koren tayil ɗin nan mai tsaga a bakin ƙofa, ƙarfen taga da na taɓa maƙale kaina a ciki, fankar da ke rangaji. Ban damu ba, na ce ka ari gidan ne don aiki. Amma da kyamara ta juya, a kusurwar dama cikin duhu, na ga teburin turare irin na mamata, da hoto baƙi da fari a kai. Numfashi ɗaya aka nuna shi. Baba ne. Yana sanye da rigar nan ruwan toka da na aiko masa bara.

Ba a ɗora hoton mai rai a teburin turare, ka sani na sani. Ko mahaukacin darakta ba zai yi ba, balle ɗan da aka haifa. Tun ranar ban ci abincin kirki ba, tsoro nake ji. Ka rubuto mini da gaggawa, kuma kada ka zuba mini shayi.

Yayarka,
Suk-yin

Unguwar Yau Ma Tei, kwanakin Bikin Wata

Zuwa ga Ga-je, babbar yayata,

Barka da biki, Ga-je. Ina fata kina lafiya, Turawanki marasa lafiya suna samun sauƙi, kuma kin samu wainar wata ta kirki a can, ba irin ta bara da kika ce ta yi kama da sabulu ba. Na saka miki akwati ɗaya a jirgin ruwa, in ya iso kafin sabuwar shekara ki gode wa kakanni. Ni lafiya lau, kafaɗa ta yi sauƙi.

Na ji an ce fim ɗinmu zai zo wajenku. Ki je ki gani, ki daina cewa ƙanenki mai jan kujeru ne. Duk ɗakin da kika gani a ciki hannuna ne. Ɗakin shan shayin Kawu Tara a wani tsohon sito na gina shi, bangon ma da ruwan shayi da toka na tsufar da shi. Jaridar da Mak ke karantawa ni na buga ta, kwanan watanta da labaranta duk ƙirƙirata ce, har wani ɗan wasa ya tsaya yana neman sakamakon tseren doki a ciki. Ruwan saman kuwa tiyo ne daga kan rufi, mun jiƙe kamar ɓeraye, daraktanmu Dogo yana ta ihu, "Ƙara ruwa! Rage haske! Wa ya ce ina son in ga fuskarsa?" Mutane nan suna ta yabo, har an ƙara mana mako a gidajen silima.

Baba yana nan, yana hutawa. Ba ya fita kamar da. Kada ki ƙara aiko wasiƙa tsohon gida, ki riƙa aikowa ta ɗakina, na rubuta adireshin a bayan ambulan. Zan yi miki bayani wata rana, dogon zance ne.

Aiki ya yi mini yawa, Dogo ya fara sabon fim, wataƙila mu tsallaka Macau. In kin ji ni shiru kada ki damu.

Ƙanenki,
Wing-lok

Manchester, bayan biki

Wing-lok,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, in ana kiran wannan lafiya. Na gane wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya, taka ta taso kafin tawa ta isa, don haka na yi haƙuri na jira amsa. Ganyen bishiyoyin titinmu ya yi ja, ya zube, an share, amsarka ba ta zo ba.

Na karanta wasiƙarka har ta fara yagewa a ninki. Shafi guda a kan tiyo da jarida, layi biyu a kan mahaifinmu. "Yana hutawa." "Ba ya fita kamar da." Mutumin da ko guguwa ake yi sai ya ɗauki kejin tsuntsunsa ya tafi gidan shayi da sassafe? Kuma tun yaushe ka daina rubuto mini ƙorafinsa? Da kowace wasiƙa sai ka sa abin da ya ce, shinkafa ta yi tsada, finafinan yanzu ba su da haske mai kyau, Suk-yin ta manta hanyar gida. Wannan karon ko tari bai yi ba.

Tunda Baba ba ya jin waya, na kira shagon Goggo Tam mai shayin ganye a ƙasan gidanmu. Da ta ji muryata sai ta ce, "Ayya, 'yar nan, ke ce? Ai gidan a rufe yake. Tun da 'yan fim suka zo suka tafi ban ƙara ganin tsohon a matakala ba." Na ce, "Goggo, ina yake?" Ta ce, "Ni bakina ba zai ɗauki wannan ba. Ki tambayi ƙanenki, shi ya san abin da ya ɗora a teburin nan. Mu dai mun faɗa masa, mun faɗa masa!" Ta ajiye waya.

Kaset ɗin fim ɗin ya fito a shagon haya, na ɗauko. Abin haushi, duk da zuciyata a dagule, fim ɗin nan sai ƙara kyau yake yi. A kallo na biyu na gane tun farko an nuna mana maci amanar, a madubin shagon aski, yana tsaye a baya yana kallo, mu muna can muna kallon reza. Na gane dalilin da ya sa ake yawan ɗaukar mutane ta bayan ƙarfen taga da ƙofar ƙarfe, kowa a keji yake, ɗan sanda da ɓarawo. Kuma inda matar abokin Mak ke wanke shinkafa tana ce masa ba ta san komai ba, hannunta kawai aka nuna, ruwan ya riga ya yi garau amma ba ta daina wankewa ba. Wanda ya shirya wannan ya san yadda ƙarya ke fita ta hannu in baki ya riƙe ta. Na so a ce zan iya ganin hannunka lokacin da kake rubuta "yana hutawa".

Na tsayar da kaset a ɗakinmu, hoton yana rawa, na matso har hancina ya kusa taɓa gilashi. Kejin tsuntsun Baba yana rataye a taga, ba tsuntsu a ciki. Turare uku na ci a gaban hoton. Kuma a gefen hoton akwai wani ɗan abu ja, mai kusurwa huɗu. A fim ɗin da aka kore ja, ban da jini, wannan ne kaɗai jan abu. Ban gane ko mene ne ba, kaset ɗin ya dusashe.

Na san halinmu. Na nesa ba a aika masa mugun labari, sai a ce kada a ɗaga masa hankali. Haka aka yi wa Kawu na Kanada da Kaka ta rasu, sai da ya zo da tsarabarta a hannu ya tarar da kabari. Ni ba za a yi mini haka ba. Shekaruna nawa ina rufe idon iyayen wasu a asibitin nan, in har an rufe na ubana ba ni, ina da haƙƙin in sani.

Baba yana da rai ko ba shi da rai? Kalma ɗaya ta isa.

Suk-yin

Yau Ma Tei, farkon sanyi

Ga-je,

Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙurin jinkiri. Wasiƙunki biyu na same su tare, bayan na dawo daga Macau. Lafiyata lau.

Baba yana da rai. Ga kalmar da kika nema. Yana ɗakina, ni nake dafa masa kunun shinkafa, in na yi tafiya maƙwabciyata ke duba shi. Tsohon gida za a rushe shi ne, shi ya sa muka tashi. Tsuntsun ya ba abokinsa na gidan shayi tun kafin mu fara ɗauka, don a ginin da nake ba a yarda da dabbobi.

Na ji zafin abin da kika rubuta. Ni kike kwatantawa da mutanen Kawu Tara? Ni da nake wanke masa ƙafa? Goggo Tam kuwa, kin san bakinta ya fi shayinta ɗaci.

Ga hoto na saka miki, jiya na ɗauke shi, yana riƙe da jaridar jiya, kamar yadda ake yi wa wanda aka sace. Ya yi dariya da na ce ya riƙe. Maganar teburin turare kuma, akwai abin da na yi alkawari ba zan rubuta ba, kuma ba ni na ɗora wa kaina alkawarin ba. Ki bar shi haka. Fim ne, Ga-je, an gama, an naɗe, an wuce.

Ƙanenki,
Wing-lok

Manchester, cikin sanyi

Wing-lok,

Na gaishe ka. Hoto ya iso.

Kai da bakinka ka gaya mini kai ka buga jaridar Mak, da kwanan watanta da komai, har ɗan wasa ya ruɗe. Yanzu kuma ka aiko mini hoton jarida a matsayin shaida? Mai tsufar da bango da ruwan shayi, me zai gagare shi? Hoton ma daga nesa ka ɗauka, taga a bayansa, fuskar duk inuwa, sai ka ce Dogo ne ya riƙe maka fitila. Ban ga idonsa ba. Rigar ta yi masa yawa, wuyanta na lilo. In Baba ne, to ya rame ƙwarai. In tsohon hoto ne ka haɗa, kai ka sani.

Kuma don me bai rubuta ko layi ɗaya da hannunsa ba? Kunnensa ne ya mutu, ba yatsunsa ba.

Ka ce fim ne. To wane ɗa ne zai ɗora hoton ubansa mai rai a gaban turare saboda fim? Ɗaya cikin biyu ne, Sai-lo. Ko ya rasu ka ɓoye mini, ko yana da rai ka jawo masa abin da ba a jawowa. Duk wanda ya zama gaskiya, ban san yadda zan dube ka ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo, don kai kaɗai nake da shi.

Ga abin da na yanke. Na sayi farin zaren ulu, na saƙa furen makoki irin wanda muka ɗaura da Mama ta rasu. Yana kan teburina. In bikin tsakiyar hunturu ya zo ban ji gaskiya daga gare ka ba, zan ɗaura shi a gashina in fara zaman makokin ubana. In yana da rai, ka san girman abin da hakan ke nufi, kuma alhakin a wuyanka yake. Ka je ka faɗa wa wanda ya ɗora maka alkawarin, in akwai shi.

Suk-yin

Yau Ma Tei, ranar da wasiƙarki ta iso

Ga-je,

Ina gaishe ki. Kada ki taɓa furen nan, na roƙe ki, ki jefa shi a wuta. Na aiko wannan ta wasiƙar gaggawa.

Na rubuta wa Baba abin da kika ce a takarda da manyan baƙaƙe, na miƙa masa. Ya karanta, ya cire tabarau, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Kan uwarta ne da ita, dutse. To, faɗa mata. Na sake ka." Ga shi zan faɗa.

Tun bazara likita ya ga abu a huhunsa. Ba na tiyata ba ne, an ce sai dai a lallaɓa. Ranar da muka fito daga asibiti ya sa rigar da kika aiko, ya ja ni gidan hoto, ya ɗauki hoton jana'izarsa kamar yadda tsofaffi ke yi, har yana gyara wa mai hoton fitila. A hanya ya sa na rantse da kabarin Mama ba zan rubuta miki ba. Ya ce, "Tana da aikinta. Ba zan zama tsohon da ke jawo 'yarsa gida da tari ba. In na kira ta ta zo, don dole ta zo. In ba ta zo ba, na mutu da haushi. Gara kada in kira." Hannunsa kuma rawa yake yi yanzu, ba ya so ki ga rubutunsa, ke da kike karanta ciwo a komai.

Da Dogo ya ga gidanmu ya ce shi yake so, Baba ya yarda nan take, ya ce ko ba komai gidan zai rayu a fim bayan an rushe shi. Ranar ɗauka muna buƙatar hoton mahaifin Mak. Na kawo wani tsohon hoto da na saya a kasuwar gwanjo, Dogo ya ce fuskar ba ta da labari. Babu wanda zai ba da hoton nasa, ko na kakansa. Muna cikin haka sai ga Baba ya fito daga ɗaki da hotonsa a hannu, ya ɗora a teburin da kansa.

Ga-je, na durƙusa a gabansa. Na ce, "Baba, ka rufa mini asiri, me mutane za su ce?" Goggo Tam, da ba ta ga wanda ya ɗora hoton ba, ta hau matakala tana ihu, "Tsoho, ka haukace? Kana kiran abin da bai kira ka ba!" Ya nuna kunnensa ya ce, "Ba na ji."

Kin san al'adar aikinmu. Duk wanda ya fito a gawa, ko aka sa hotonsa a na mamaci, darakta yana ba shi jar ambulan, ya karɓa da hannunsa, ta wanke masa baƙin abin. Ba abin da ke ciki ne muhimmi ba, karɓar ce. Dogo ya miƙa masa da hannu biyu, yana sunkuyawa. Baba ya maida hannayensa baya. Ya ce, "Ajiye ta nan gefen hoton. Kuma ka tura teburin can kusurwa, ka rage haske, kada ka tsaya a kai." Dogo ya ce, "Kawu, ai ba mai gani." Baba ya ce, "Akwai mai gani guda ɗaya. Ni na koya mata. In ta ga ja a gefen hoto za ta san da sauran numfashina. Daga hannunta zan karɓa, ba daga naka ba."

Jan abin da kika gani ke nan. Ni ban rubuta ba, shi bai kira ba, alkawari bai karye ba, haka ya lissafa abinsa. Da na ce masa kin ga jan amma ba ki gane ba, sai ya ce laifin kaset ne, shi ya sa ya tsani kaset.

Har yau bai karɓi ambulan ɗin ba. Tana kan akwatin talabijin a ɗakina, ko ƙura ba ya bari in goge mata. Unguwa duk ta ɗauka ni na jawo masa ciwon, masu gaishe ni da sun daina. Ni ma wani lokaci in na ji tarinsa sai in rasa me zan gaskata, likita ko Goggo Tam. Na gaji, Ga-je, kuma ina jin tsoro ni kaɗai. Kullum da safe sai ya tambaye ni ko mai wasiƙa ya zo, sannan ya dubi ambulan ɗin ya kau da kai.

Jibi dole in koma Macau, Dogo ba zai jira ba. Makullin yana wajen maƙwabciyata, Madam Szeto, ƙofa ta biyu.

Ƙanenki mai jan kujeru,
Wing-lok

Yau Ma Tei, jajibirin bikin tsakiyar hunturu

Zuwa ga ƙanena Wing-lok, a Macau,

Sai-lo, ina gaishe ka daga kan teburinka mai ƙafa uku da rabi. Mutumin da ke gina wa 'yan daba fada, ga ɗakinsa kamar bayan kasuwa. Na share, na wanke labule, kada ka yi mini godiya. Ina fata kafaɗar ba ta tashi ba. Furen na ƙone shi kafin in hau jirgi. Abin da na rubuta maka kuma, ka yafe wa yayarka, tsoro ne ya yi magana.

Da rana na iso. Madam Szeto ta buɗe mini, na same shi zaune a bakin taga da bargo a gwiwa. Ya rame fiye da hoton. Na tsaya a ƙofa da jakata. Bai ce sannu da zuwa ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kin gan ni?"

Na matsa kunnensa na dama na ce, "Na gan ka, Baba."

"A kallo na nawa?"

"Na farko."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To ban yi asarar kujerar da na riƙa ɗora ki a kai ba."

Na ɗauko ambulan ɗin daga kan talabijin, na durƙusa, na miƙa masa da hannu biyu. Ya sa hannu biyu ya karɓa, suna rawa, bai ɓoye su ba. Bai buɗe ba, ya zura ta a aljihun ƙirji ya dafe. A nan na yi kukan da na riƙe tun Bikin Wata, shi kuwa yana buga mini kai yana cewa in yi a hankali, maƙwabta za su zaci an yi mutuwa.

Na ga takardun likita, na kuma saurari ƙirjinsa da kaina. Ba zan yi maka ƙarya ba, ambulan ba za ta canza abin da ke ciki ba. Na rubuta wa asibitinmu cewa kada su jira ni. Na kuma biya ta shagon Goggo Tam, na sha shayinta mai ɗaci, na faɗa mata da ƙarfi yadda duk layin zai ji cewa tsohon ya karɓi jar ambulan ɗinsa, kuma shi ya ɗora hotonsa, ba kai ba. Ta ce in ka dawo ka zo ka sha kofi ɗaya kyauta.

Ashe bai taɓa kallon fim ɗin ba. Ya ce mutum ba ya zuwa gaban teburin turarensa shi kaɗai. Akwai wata tsohuwar silima a Sham Shui Po da ke nuna shi har yanzu da rana, gobe zan kai shi a tasi kafin mu dawo cin abincin biki. Ya ce mu zauna layin baya, ƙarƙashin tagar injin, don ya ji ko mai juyawar ya san aikinsa. Na ce da wane kunnen? Ya ce da ƙeya ake jin wannan.

Ka yi ƙoƙari ka dawo da wuri, ka ce wa Dogo fim ɗinsa ya yi kyau ƙwarai amma ya ba mu aron ƙanenmu. Baba kuma ya ba ni saƙo gare ka. Ya ce hoton jana'izar nan ka karɓo shi daga ɗakin kayanku, ka naɗe shi da kyau kada ya yi danshi. Ya ce zai sake fitowa sau ɗaya, a tsakiyar allo wannan karon, amma ka gaya wa masu jira ba bana ba.

Yayarka,
Suk-yin